Kalkuletar da Ta Je Mawashi

Kankia, ranar Litinin

Zuwa ga bawana Dalhatu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da yara. Ya damina? Ya ƙafar Gwaggo?

Ina baƙin cikin sanar da kai, da duk wanda abin ya shafa, cewa Hajiya kalkuleta tana kwance rai a hannun Allah. Ba ta cika ba tukuna. Sai dai in an danna huɗu ta ce biyar, in an danna shida ma ta ce biyar, kamar mai wa'azin da hadisi ɗaya ya haddace.

Takarda na rubuto saboda ka daina ɗaga wayata. Direban Kusada ya ce zai miƙa maka.

Ka san ta girmi 'ya'yanmu duka. Tun ina sabon ma'aikaci a ofishin safiyo na same ta, kuma da hannuna na zuba mata lissafin awon gona: ka ba ta tsawon kowane gefe, ta gaya maka girman fili. Lafiyarta lau na ba ka aro ka tafi da ita awo Mawashi, ranar da aka yi ruwan nan mai iska. Ba na zargin kowa. Na dai lura cewa da hankalinta ta bar gidan nan.

Na sake mata batir, da sauri, don in ta daɗe babu wuta lissafin nan zai goge. Na wanke mazaunin batirin da auduga da sifirit. Ba ta sauya zani ba. Ni dai ruwa nake zargi, kuma na san wanda ya riƙe ta a cikin ruwa.

Ka gaida mutanen gida. Naka, uban gidanka,
Harisu

Kankia, ranar Juma'a

Dalhatu,

Ina gaisuwa. Da fatan ku duka kuna ƙalau. Mu nan sai godiya, ban da baya da ke damuna.

Direba ya ce a hannunka ya sa takardar, ka ninke ka sa aljihu. To, madalla, aƙalla ba ta jiƙe ba.

Na ci gaba da duba majinyaciya. Na matsa gefen gilashinta ko lambobin ne ke ruɗewa, gilashi lafiya. Na bi maɓallan nan layi-layi har idona ya fara ruwa. Na sama duk suna amsawa, na ƙasa ma haka. Layi ɗaya ne ya lalace, na huɗu da biyar da shida. Wato ƙwaƙwalwarta ba ta taɓu ba, wani abu ne ke haɗa waya biyu a ƙarƙashin layin. Tsatsa kan yi haka. Tsatsa kuma, in ban manta karatuna ba, ruwa ke kawo ta.

Matata Lailatu ta hana ni sakat. Ta ce ba kalkuleta ce ta hana ka ɗaga waya ba, bakina ne. Wai a taron sunan da aka yi a Kafin Soli, gaban surukanka, na ce duk abin da aka ba ka riƙo a hannunka yake mutuwa. Na faɗa, ban musa ba. Amma Dalhatu, tun muna gudu ba wando nake faɗa maka abin da ya fi wannan, kai ma kana ramawa. Uwarka ƙanwar ubana ce, in ban tsokane ka ba wa zan tsokana? Wallahi kalkuleta kawai nake nufi. Sai da na ga babu wanda ya yi dariya, na ga kawun matarka Rauda ya sunkuyar da kai, sannan na tuna a cinyarka ta cika bara, a mota, kafin ku isa asibiti. Allah ya jiƙanta.

Da na juyo ka riga ka sa takalmi.

Na gaji, ka ji. Ranar kasuwa na zauna a rumfar mai shayi ni kaɗai, ban samu wanda zan yi wa gardama ba. Mutanen yanzu duk abin da ka faɗa sai su ce haka ne, Malam.

Gobe zan buɗe ta. Dole in cire batir gaba ɗaya, lissafin zai tafi, kuma ba na jin zan iya sake tsara shi da wannan kan nawa. Amma ina so in nuna maka tsatsar da idonka, don ka san maganata tana da tushe ko da ta fito a karkace.

Naka,
Harisu

Kankia, ranar Lahadi

Dalhatu ɗan'uwana,

Ina gaida ka, ina gaida Gwaggo da yara. Allah ya sa kun tashi lafiya.

Na buɗe ta. Kusoshin suna ɓoye ƙarƙashin 'yan robobin ƙafarta, ɗaya ma sai da na ɓata bakin sukudireba. Na shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida inda haske yake, na sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya. Lailatu ta kalle ni ta wuce.

Cikinta fes. Babu tsatsa, babu koren nan da ruwa ke bari, babu ko zanen danshi. Na juya ta ta ko'ina ina nema, kamar mai neman laifi a gidan surukai. Da na ɗaga takardar robar da ke ƙarƙashin maɓallai, sai ga garin gero ya cika layin, ga ƙwaron hatsi guda ya mutu a matse daidai ƙarƙashin biyar. Shi ya danne ta take ta maimaita kanta.

Geron namu ne. Ranar da ka dawo da ita a naɗe cikin leda, ban ko kunna ta ba. Na ce a raina ai Dalhatu ne, ba yadda za a yi ta tsira daga ruwa. Sai na tura ta cikin buhun geron bara don ya tsotse danshi, kamar yadda yara ke yi wa waya da shinkafa, na bar ta ta kwana biyu a ciki.

Na hure, na goge, na mayar. Huɗu ta koma huɗu. Lissafin gona kuwa ya tafi, yanzu ba ta fi ta mai shago ba. Na zauna ina kallonta, ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Ranar Laraba zan zo Kusada. In ba ka son ganina, zan gaida Gwaggo in juya, ba sai ka fito ba.

Lafiya ka riƙe ta, lafiya ka dawo da ita. Rauda ma ka riƙe ta iya ƙarfinka, kowa shaida ne. Ni ne ban yi daidai ba.

Ɗan'uwanka,
Harisu