Muryar Aro

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar taki, ta fara barin ki ki taka? Yaya maigidan da yara? Ki ce wa autarki na ji labarin giɓin da ta yi, kawunta na nan tafe ya yi mata dariya.

Yaya, kwaikwayon muryoyin mutane da kike zane ni a kansa muna yara, yau shi ya ba ni aiki. Daraktan yaƙin neman zaɓen ɗan takararmu na shugaban ƙasa ya ji ni a rediyo ina kwaikwayon maigidan nasa, ya aiko aka ɗauko ni. Na zaci faɗa zan sha. Sai ya ce maƙogwaron maigida ne ya gaji da taro, suna son wanda zai riƙa karanta saƙonninsa na rediyo kafin ya warware. Ban ko yi shawara ba na karɓa, don kin san yadda nake son ɗan takarar nan. Shi ne ya rantse a gaban jama'a cewa gara ya faɗi da ya yi wa abokin hamayyarsa ƙage.

Ɗakin aikina yana hawa na uku. Ba taga, an manna soso a bango, daga ni sai na'ura sai wani injiniya da ba ya haɗa ido da mutum. A nan ginin nake kwana, sun kuma karɓe wayata, shi ya sa kika ga takarda ta hannun matar da ke mana shara.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Kullum ƙarfe tara na safe motar maigida za ta shigo da baƙin gilashinta. Direba ya fito ya buɗe ƙofar baya, ya rusuna, ya ɗan jira, ya rufe. 'Yan jarida da ke bayan shinge saman motar kawai suke hange, amma ni daga matakala nake kallo. Ba wanda ke fitowa, Yaya. Na tambayi injiniya, ya ce in sha ruwa kada muryata ta dushe.

A gaishe mini da kowa.
Ƙaninki, Aku

Yayata,

Ina fatan kuna lafiya, ina kuma fatan maganin da likita ya canza miki ya karɓe ki. Ni jikina lafiya.

Na ga maigida da idona. Shekaranjiya da rana Darakta ya kai ni gidan maigidan, aka bi da ni ta ƙofar baya zuwa wani ɗaki mai warin magani. Yana zaune a kujera, an rufa masa bargo a ƙafa. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakin ya karkace, ba ya iya furta ko kalma. Idon nan kuwa garau, ya san duk abin da ake yi.

Rediyo na kusa da shi a kunne, kuma a daidai lokacin aka saka saƙon da na karanta ranar Litinin, wanda ke cewa abokin hamayya ya sayar da filin asibitin yara. Tun ina karantawa na san ƙarya ce, don a gabana Darakta ya ƙaga ta yana dariya. Mutumin nan ya zauna yana sauraron muryarsa tana karya rantsuwarsa. Ya juyo da idon a hankali ya ɗora a kaina. Bai ɗauke ba har na fita.

Abin da ya kai ni ya fi wannan muni. Mahaifiyarsa tsohuwa ce, ta dami kowa da cewa wata biyu ba ta ji ɗanta ba, suna tsoron kada ta fita ta yi magana. Darakta ya buga lambarta ya miƙo mini waya. Na gaishe ta da muryarsa, na tambayi jikinta. Sai ta ce, "Ɗan nan, ko kai ɗan waye, faɗa mini abu ɗaya. Yana da rai?"

Darakta ya ɗaga mini yatsa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, sai na yi irin dariyar maigida, na ce, "Haba Inna, wane irin zance ne wannan?" Ta ajiye wayar a hankali.

Ki yi mini addu'a. Tun ranar abinci ba ya shiga.

Ƙaninki

Yaya,

Ina gaisuwa, ki yafe mini gajarta ta. Allah ya sa wannan ta same ku lafiya.

Kin ji mun ci zaɓe. Ana ta murna a ƙasa, ni kuma aka hawo mini da takarda. Jawabi ne na zaɓaɓɓen shugaba, wai zai tafi hutu na wani lokaci, ya damƙa naɗin ministoci da duk al'amura a hannun Darakta. Na karanta a zuci sau biyu, na ajiye, na ce ba zan iya ba. Na shirya wa zagi da mari. Darakta ya yi murmushi kawai, ya ce ba komai, na gaji ne. Ya sa aka ba ni wayata, aka buɗe mini ƙofa.

Ban zarce ko'ina ba sai gidan tsohuwar. Na durƙusa na gaya mata komai da muryata ta gaskiya: ɗakin, kujerar, ƙofar bayan. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "To yana da rai ke nan." Ta aika a kira mata ƙannen maigida biyu da wani lauya, ta ce ko a ƙafa sai ta je wurin ɗanta. Ban san yadda suka ƙare ba.

Jiya da hantsi ina zaune a shagon wani mai aski, sai aka katse shiri a rediyo, aka ce ga jawabin zaɓaɓɓen shugaba. Takardar nan ce, daga farko har ƙarshe. Wallahi ban karanta musu ba, Yaya, ko layi ɗaya. Amma na ji inda nake jan numfashi. Na ji yadda harshena ke ɗan sarƙewa a kalmar gwamnati, abin da maigida bai taɓa yi ba. Wata uku injiniyan nan yana tara muryata a na'urarsa, yanzu ba su da bukatar bakina. Mai aski ya ce kai, mutumin nan akwai iya magana.

Tun daga nan wata farar mota ke tsaye a bakin layin da na sauka. Zan bi ta wata hanya in taho gida ranar Alhamis in Allah ya yarda.

Roƙona ɗaya. Idan waya ta shigo kika ji ni ina cewa lafiyata ƙalau, aiki ne ya riƙe ni, kada ku damu, to ki tashi maigidanki ku fara nemana. Kada ki yarda da komai sai kin gan ni tsaye a ƙofarki.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Aku