Abin Da Na Dawo Da Shi Daga Daji

Asabar, 10 ga Mayu, 2025

Tun bara da 'yan bindiga suka sako ni na dawo Ruwan Godiya, kowa cewa yake Yahya ka tsira. Na tsira, alhamdulillahi. Amma a shimfiɗa ban ƙara zama namiji ba. Matata Shafa'atu ba ta taɓa cewa uffan ba. Shirun nata ya fi ci mani rai.

Laraba, 21 ga Mayu

Na sha jiƙon basir, na sha na sanyi, har da wani garin magani na mai talla da lasifika. Babu. Yau na faɗa wa abokina Gide. Bai yi dariya ba, Allah shi saka mashi. Ya ba ni ƙwayoyi daga kemis, wai in haɗiye biyu.

Alhamis, 22 ga Mayu

Kai kamar zai tsage, ido na ganin shuɗi-shuɗi. Na faɗi a bakin rijiya. Shafa'atu ta tallabe ni tana kuka.

Litinin, 26 ga Mayu

Asibiti, Ƙanƙara. Likitan dattijo ne. Na yi ta kewaye-kewaye, sai ya aje biro ya ce, "Malam Yahya, maganar iyali ce ko? Ba kai ne na farko ba yau." Kamar an sauke mani buhu.

Jinina ya hau sosai. Suga lafiya lau. Ya ce ƙwayar nan magani ce ta gaskiya, amma sai an auna mutum, kuma akwai masu ciwon zuciya da za ta iya kashewa. In ba ta yi ba, akwai wasu hanyoyin, har allura. Sannan ya tambayi barcina. Na ce ko babur ya wuce sai na zabura. Ya ce tsoro ma yana kashe gaba. Wai in zo da mai ɗakina.

In zo da ita!

Litinin, 2 ga Yuni

Mun je tare. A mota ko kallon juna ba mu yi ba.

Gaban likita ta ce, "Ni na ɗauka ƙyamata yake." Ashe duk watannin nan laifin kanta take gani. Ni kuma ina juya mata baya don kunya. Ya Allah.

An ba ni maganin hawan jini na kullum, da waccan ƙwayar, ƙarama, guda ɗaya in buƙata ta taso. Gishiri a rage, taba a bari. Kuma mu riƙa hira, ba sai an kai ga komi ba.

Lahadi, 22 ga Yuni

Muna ɓarar gyaɗar iri a tsakar gida, na ba ta labarin dajin. Igiyar, da dukan, da mutumin Sabuwa da ya rasu kusa da ni. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta dai riƙe mani hannu har aka kira la'asar.

Miyarta ba gishiri yanzu, kuma ita ma haka take sha. Wannan mata.

Talata, 1 ga Yuli

Alhamdulillahi. Da ƙwayar ne, amma alhamdulillahi.

Juma'a, 18 ga Yuli

Ruwa ya sauka sosai, masara ta yi kyau. An auna jinina a Faskari, ya sauka. Gobe banƙasa, sai in nemi shanun huɗa.

Da safe Shafa'atu ta ɗora ruwan wanka na mutum biyu, tana ta murmushi ita kaɗai. Sai a masallaci na sa hannu aljihu na ji ƙwayar jiya na nan cikin takardarta, ashe ban sha ba.

Ƙila dai dacewa ce. Ba zan ce komi ba tukuna.