Baba Ba Ya Sakin Madanni

Litinin, 3 ga Maris

Ta tashi! Na jona mata wuta, jar fitila ta kama, koriya ta fara ƙyaftawa, na yi ihu a shagonmu na gyara har Mai Gemu, abokin aikina, ya ƙone yatsa da ƙarfen dalma. Allah ya ƙara, shi da ya ce ba zan iya ba.

Kwamfuta ce ƙarama, allo ɗaya, ba ta fi tafin hannuna ba. Na ja doguwar waya daga ɗaya daga cikin ƙananan ƙafafunta na ƙarfe zuwa madanni. In Baba ya danna, sai saƙo ya shigo wayata da ta maƙwabciyarmu mai riƙe da mabuɗin gida. Shi ke nan aikinta.

Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye Yaya take cewa ba zan iya riƙe shi ba, tunda ina wuni a shago. Ƙarshen wata za ta zo da mota ta tafi da shi garinsu. Shi kuwa da harshen nan nasa mai nauyi ya ce, "Ba na zuwa." A ɗakin nan Mama ta rasu. To, za mu gani.

Laraba, 5 ga Maris

Wayata ba ta huta ba yau. Maƙwabciya ta shiga a guje har zaninta na kwancewa, ta tarar da Baba yana murmushi. "Gwaji," in ji shi. Tsohon direban babbar mota, an ba shi hon.

Juma'a, 7 ga Maris



Na dawo la'asar na sami Baba rabi a gado rabi a ƙasa, kofi ya kife, rigarsa sharkaf. Ruwa ya miƙa hannu zai ɗauka ya zame. Madannin na hannunsa. Ya danna, ya danna, ba wanda ya zo.

Na duba allon: jar fitila kawai, koriya a mace. An ɗauke wuta da rana, aka dawo da ita, ita kuwa 'yar banzar ba ta tashi ba. Na zare cajarta na mayar, ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba.

Ko faɗa bai yi min ba. Da ya zage ni ma da ya fi.

Asabar, 8 ga Maris

Na kai ta shago. Na kashe wuta na kunna har maɓallin bango ya fara zafi, kowane karo sai ta tashi. Na canza katin memori. Na canza caja. Na bi ƙafafun da mitar gwada wuta ɗaya bayan ɗaya, ƙalau.

Mai Gemu ya ce in sa mata batir in huta. Na ce batir ai rufa-rufa ce, ranar da ya mutu fa? Ruwa ba ya tsami banza. Sai na ga abin da ke hana ta tashi da idona.

Talata, 11 ga Maris

Ta sake ƙin tashi. A gida kawai take min wannan iskancin.

Laraba, 12 ga Maris

Maƙwabciya ta tsegunta wa Yaya, ai na sani. Ta kira ina tsakiyar aiki. "Auta, ubanmu ba abin gwaji ba ne." Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen wata kamar yadda muka yi. Ta ce ko an kai ƙarshen shekara, abin da ya gaza ya gaza. Na kashe wayar na shiga bayan kanta na yi kuka, na fito na ce wa Mai Gemu hayaƙin dalma ne.

Abin haushin, ba ƙarya ta yi ba.

Juma'a, 14 ga Maris

NA KAMA TA. Wallahi na kama ta!

Ban je shago ba. Na haɗa allon da kwamfutata ta wayar nan da ke nuna duk abin da yake faɗa lokacin tashi, na zauna bakin ƙofar ɗakin Baba ina jiran a ɗauke wuta. Yau kam masu wutar sun yi min rana, wajen azahar ɗif. Fanka ta tsaya, talabijin ta mutu, gidan ya yi tsit.

Sai na ga hannun Baba na hagu ya lalubo madannin ya damƙe. Ba dannawa ya yi ya saki ba. Damƙa ce, irin ta sitiyari a kan gangare, har jijiyoyi sun fito. Ya manta ma ina wurin. Idonsa na kan rufi.

Wuta ta dawo yana riƙe. Na kalli kwamfutata: allon bai ko leƙa katin memori ba, ya tsaya yana jiran a ɗora masa sabon shiri ta waya. Na buɗe zanen ƙafafun. Innalillahi! Ƙafar da na ɗaura madannin a kai, ita ce wadda allon ke fara dubawa da zarar wuta ta shigo, don ya san ta ina zai tashi. In ya same ta a danne, sai ya ɗauka gyara za a yi masa, ya zauna jira. Ni kuwa na zaɓe ta ne don ta fi kusa da baki, ta fi sauƙin liƙewa. A shago kuma wa zai riƙe madanni ana kashe wuta? A kan tebur yake yashe.

Na cire wayar na mayar ƙafa ta goma sha ɗaya, wadda ba ruwanta da tashi. Na gyara layi ɗaya a shirin. Na ce, "Baba, riƙe da ƙarfinka." Na zare na mayar. Koriya! Na sake. Koriya! Na yi rawa a tsakar ɗaki, ya yi dariyar nan tasa ta gefe ɗaya har da tari.

Na ƙara mata dabara: in ta tashi ta tarar ana riƙe, nan take ta aika saƙo.

Asabar, 15 ga Maris

Mai Gemu ya saurara har ƙarshe, ya shafa gemun ya ce, "To, Injiniya." Yau shayina a kansa.

Lahadi, 16 ga Maris

Ina yanke masa farce na tambaye shi me ya sa yake damƙewa, alhali ya san in babu wuta ba ta aiki. Ya daɗe yana kokawa da harshen.

"Shiru... yana yawa. Sai in riƙe ki."

Na ce masa farcen nan ya yi kauri, na tashi neman wani almakashi.

Asabar, 29 ga Maris

Yaya ta zo da mota, har da katifa a baya. Ban yi musu da ita ba, gani ya kori ji. Na zaunar da ita kusa da Baba, na je na kashe wutar gidan gaba ɗaya. Ya damƙe. Na kunna. Kafin fanka ta gama ɗaukar gudu wayar Yaya ta yi ƙara a jakarta, don na saka lambarta tun jiya ban faɗa mata ba.

Ta karanta. Ta dubi Baba da ke kwance gabanta. Ya sake dannawa yana kallonta ido cikin ido, wayar ta sake ƙara.

"Baba, ga ni fa a gabanka."

"Gwaji."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Da za ta tafi ta ce kada in cire lambarta. Za ta yi nadama, ba ta san direbanmu da hon ba.

Mota ta koma da katifarta. Na ci! Na rubuta a nan don kada wani ya zo gobe ya ce sa'a ce.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Allon lafiya ƙalau, tun ranar bai sake gardama ba.

Kwanan nan da rana nake dawowa gida in ci abinci. Ba wani abu ba ne, na bakin shago ya fara damun cikina, kuma ya kamata a riƙa leƙa na'ura. Mai Gemu ya ce na'urar da ba ta da matsala me ake leƙawa. Na ce ya ji da gemunsa.

Yau ina zaune gefen gadon aka ɗauke wuta. Hannunsa ya fara lalube. Madannin na nan kusa da cinyarsa, amma wuyan hannuna ya samu. Kai, tsohon nan da ƙarfi! Har wuta ta dawo, fanka ta tashi, koriya ta kama, bai saki ba. Abincina ya huce.

Gobe ma zan zo. Akwai wata waya da ban gama dubawa ba.