Kada Ki Buɗe Kwalin

Yaya,

Ina gaishe ki. Yaya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Yaya yara da maigidan naki? Ni lafiyata ƙalau, kada Inna ta sa damuwa a ranta.

Aiki ne dai ya ɗan rikice. Masana'antarmu tana ƙera wasu ƙananan injuna da ido ba ya gani, masu cin tsatsa, kuma suna ƙera irinsu da kansu. To, yanzu har lafiyayyen ƙarfe suke ci. Sun gama da ƙofar ɗakin gwaji, sun koma kan bututun ruwa. Ƙarfen da kika gani da safe, kafin la'asar ya zama toka mai ɗumi.

Na tambayi babban injiniya yaushe za su tsaya. Ya ce, "Ai duk abin da aka haɗa wargajewa zai yi, waɗannan sauri kawai suka ƙara masa." Washegari ya hau jirgi. Mu masu shara aka kulle a ciki, aka ba mu safar hannu da tsintsiya. Yau mako uku ke nan. Abinci kam ana miƙo mana ta taga, mun gode.

Ga roƙona. Keken ɗinkin da na aiko miki, a ma'ajiyar masana'antarmu ya kwana kafin a ɗauke shi, ina tsoron injunan sun shiga cikinsa. Na san shekarun da kika yi kina jiransa. Kada ki buɗe kwalin, Yaya. Ku kai shi bayan gari ku cinna masa wuta, ita kaɗai ke kashe su.

Ki ce wa Inna bai iso ba. Allah ya tsare ku.

Ƙanwarki