Jan Ƙyallen Baba

Roni, 3 ga Yuni

Ƙanena Musaddiƙ,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya zaman birni? Ina fata ciwon ulsar nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau.

Na je gida Gwiwa ranar Juma'a. Baba ya ce in aiko maka da irin geron da ka roƙa don bincikenka, ga shi a ƙunshi. Kai ka san ko mijina da ya roƙa mudu guda kawai ya samu, amma kai ɗan gata an auno maka uku! Ya zaunar da ni na rubuta maka komai: yadda ya ga zangarniya ɗaya ta riga sauran nuna shekara ashirin da biyu da suka wuce, da yadda kowace damina yake bin gona yana ɗaura jan ƙyalle a karan da ya fara nuna, ya girbe su daban. Murna yake kamar shi za a ba digirin.

Ka riƙa cin abinci kan lokaci.

Addarka,
Rahamatu

Roni, 21 ga Agusta

Musaddiƙ,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ni dai ba lafiya ba, raina a ɓace yake.

Mun ji hirarka a rediyo, ranar ina gida Gwiwa. Baba tun da hantsi ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya tara maƙwabta, har sabon batir ya saya. Sau huɗu ka ce jenetik miyuteshan, na ƙirga. Da mai shirin ya nemi bayani, ka ce sauyin ƙwayar halitta ne da ke faruwa da kansa, babu hannun kowa, kuma kai ka gano shi a wata gona. Wata gona, Musaddiƙ? Sannan ka faɗi sunan da aka raɗa wa irin, harufan sunanka da lamba.

Ni ma na shiga aji, kar ka raina min hankali. Kalmar gaskiya ce, zangarniyar farko yin Allah ce. Amma ka fake da ita ka shafe mutum. Wa ya hana tsuntsaye cinye ta? Shekarar fari da muka ci tuwon dusa, Inna tana kuka tana roƙon Baba ya buɗe tukunyar irin nan ya ƙi, kai kana goye a bayana. Daga Gwiwa har Babura geron Maikasuwa ake ce masa, da laƙabin Baba. Kai kaɗai ne bakinka ya yi nauyi.

Baba ya kashe rediyo ya sallami mutane. Wallahi na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu gero ya fara nuna, shi kuwa ya ƙi fita da ƙyallensa. Ya ce tunda abin da kansa yake faruwa, a bar shi ya faru. Idan kwana goma suka wuce ba a ɗaura ba, ba mai iya bambance na farko da na baya. Ga ƙyalle ɗaya na sa maka a ambulan. Ka zo ka durƙusa, ka koma rediyon ka faɗi sunansa. Abin da nake roƙo ke nan.

Addarka,
Rahamatu

Gwiwa, 30 ga Satumba

Musaddiƙ,

Gaisuwa da fatan alheri. Baba yana lafiya, ya ce a gaishe ka.

Na ga saƙonka na waya cewa takardar bincikenka ta riga ta fita, gyara zai ɓata maka suna wajen malamanka. Na gane. Ban karanta wa Baba ba.

An yi girbi, an haɗe dammunan wuri guda. Ragowar tsohon irin da ke tukunya kuma ya sa Inna ta surfa ta daka. Na roƙe shi har da hawaye ya bar ko tafi ɗaya, ya ce shekara ashirin da biyu yana hana iyalinsa ci, ya isa haka. Jiya muka sha furarsa. Ta yi daɗi, ni ce dai na ajiye ludayina.

Tsantsar irin yanzu babu shi ko'ina sai mudu ukun da ke wurinka, na mijina da na sauran mutane tuni sun gauraye a gona. Ka adana da kyau, ya zama naka kai kaɗai kamar yadda ka gaya wa duniya.

Ka dawo min da ƙyallen, na Baba ne.

Rahamatu