Ranar Jana'izar Tatata

Zuwa ga Malamata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba da jikoki.

Tun farkon shekarar nan, harshen kwamfutar da kika ƙirƙira don koyar da mu a jami'a shi ne ke gadin firijin ajiyar jini a asibitocin karkara tara.

Ni ne ɗalibin nan na kujerar bakin taga, wanda kika laƙaba wa Gaggawa saboda ina miƙa amsa kafin ki gama tambaya. Yanzu ina da ɗan shagon haɗa na'urori. Na ƙera wata 'yar na'ura da ake liƙawa a jikin firij. Tana auna sanyi tana nunawa a allo, in wuta ta ɗauke ta juya firijin kan batir, in jini ya fara ɗumi ta yi ƙara. Ƙwaƙwalwarta kaɗan ce, manyan harsuna sun ƙi shiga. Sai na tuna da Tatata, harshenki da muka yi zango guda muna koyon tafiya da shi. Malama, ya shige ɗas kamar don ita kika yi shi!

Kin sha ce mana Tatata abin wasan yara ne. To ga yaro ya girma, har ya samu aiki. Na so ki ji daga bakina.

Ɗalibinki har gobe,
Gaggawa

*

Ɗana Gaggawa,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Na karanta wasiƙarka.

Ka amsa mini tambaya ɗaya. Kana ajin a ranar laccar ƙarshe?

In kana nan, ban gane abin da ka aikata ba. In ba ka nan, saurara. Tatata ba ya share ƙwaƙwalwa. Duk abin da manhaja ta ajiye na ɗan lokaci, can yake zama, kamar ɗakin da ake ta shigar da kaya ba a fitarwa. Da gangan na gina shi haka. Na koya muku cewa wasu harsuna suna share bayansu da kansu, wasu kuma mai rubutu ne ke sharewa. Tatata ba shi da umarnin sharewa, saboda haka kowane ɗalibi yakan ɗauka shi ke yi masa. Ba ya yi. A aji ba a gani, don aikin ɗalibi bai wuce ɗan lokaci yana gudana ba.

A makon ƙarshe nakan sa kowa ya kunna manhajarsa ya bar ta har bayan hutun ƙarshen mako. Su dawo su tarar duk sun mutu. Abin da ɗalibai ke kira ranar jana'iza ke nan, kuma darasin zangon gaba ɗaya yana cikinta: kada ka yarda da abin da harshe bai yi maka alkawarinsa ba.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Tatata ba ya ihu in zai mutu. Tsayawa yake yi cak, allo ya ci gaba da nuna lambar ƙarshe da ya rubuta. Firij zai iya zama tanda, na'urarka tana nuna sanyi.

Ka kira asibitocin yau, ba gobe ba. A kashe kowace na'ura a sake kunnawa, wannan zai kwashe abin da ya taru. A sa ma'aunin zafi na hannu a cikin kowane firij. Kada a taɓa jinin sai an auna.

Allah ya tsare.
Malamarka

*

Malama,

Ina gaisuwa. Ki yafe mini, ga amsar tambayarki.

Ba na nan. A makon ne babur ya karya mini ƙafa, ina kwance a asibiti da ƙarfe a ƙwauri. 'Yan ajinmu sun zo duba ni, sun cika ɗakin da surutu, har Dogo abokin kwanana ya cinye lemon da aka kawo mini. Babu wanda ya ce uffan game da jana'izar. Na je na rubuta jarrabawa ina dogara sanda, na ci, kuma ba tambaya ko ɗaya a kan wannan.

Ɗazu na kira Dogo. Da na ambaci Tatata sai ya fashe da dariya, ya ce, “Kai, Gaggawa, gawar da muka binne ita ka tono?” Na ce masa jini take gadi. Nan take dariyar ta tsaya. Ya ce, “Wallahi rantsuwa muka yi wa Malama. Duk wanda bai ga jana'iza da idonsa ba, ba a faɗa masa.” Na ce, “Ni ɗan ajin baya ne da za a ɓoye mini?” Ya ce, “Ai mun ɗauka ka sani. Kai da ka fi mu duka?”

Malama, mutum sittin sun san abu, ni kaɗai ban sani ba, kuma ni kaɗai na ɗauki harshen da muhimmanci. Ban san ko in yi kuka ko in yi fushi ba, kuma ban san da wa ba.

Na samu asibitoci shida a waya. Biyar na'urorinsu na da rai. A na shida, ma'aikaciyar jinya ta kashe ta kunna, lambar ta yi tsalle daga huɗu, sanyin da jini ke buƙata, zuwa goma sha ɗaya. Na ji salatinta ta waya. Sun ware jinin, ba wanda aka ƙara wa tun da firijin ya tsaya, don makon ya zo musu da sauƙi. Saura uku.

Ɗalibinki,
Gaggawa

*

Ɗana,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Fushin ka ajiye shi, yana da ranarsa, kuma ka san ofishina.

Rantsuwar don 'yan ajin baya ce, kada labari ya riga su isa. Dalilin da ya sa ba na sa darasin a jarrabawa ke nan, tsofaffin takardu yawo suke yi. Wanda ya ji a baki yakan manta, wanda ya ga aikinsa ya mutu a gabansa ba ya mantawa. Har yanzu haka na yi imani. Amma da safiyar nan na shiga ajin bana, mako na uku kacal da farawa, na rubuta a allo cewa Tatata ba ya share ƙwaƙwalwa. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, zai fito a jarrabawa?” Na ce zai fito.

Na duba manhajar da ka turo. Rubutunka tsaf yake, ban samu abin gyara ba, wannan ma ya ƙara tayar mini da hankali. Lura da wannan: duk lokacin da wuta ta ɗauke, na'urar tana ajiye bayani mai yawa. Inda wuta ta fi wasa, nan za ta fara mutuwa. Cikin ukun da suka rage, ka fara da wanda ya fi fama da wuta, komai nisansa. Ni da Dogo muna sake rubuta manhajar da wani harshe. Shi ya kawo kansa, ban kira shi ba.

Allah ya kiyaye hanya.
Malamarka

*

Malama,

Gaisuwa a gurguje, daga bakin kogi nake rubutu, ina jiran jirgin fito.

Biyu sun amsa, lafiya lau. Na taran yana tsallake, waya ba ta shiga can, kuma ba inda wuta ke ɗaukewa kamarsa. Na haɗu da direban da ke kai musu magani. Da ya ji ni na ƙera na'urar sai ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce ma'aikatan suna ta sa mini albarka, wai tun watan jiya lambar ba ta motsa daga huɗu ba.

Ya ce shekaranjiya an yi wa wata mai jego ƙarin jini a can. Ban samu tabbacin ko daga firijin aka ɗauko ba.

Ki sa mu a addu'a.
Gaggawa