Ki Aiko Musu Hoton Shalele

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya. Inna tana nan, sai dai mantuwa ta ƙaru, har yanzu takan rage wa 'yata Shalele abinci a kwano ta rufe, ni kuma ba na hana ta. Na koma kan keken ɗinki, amma hannun bai dawo ba tukuna. Ki yafe ni da ban iya amsa kiranki ba tun rasuwar Shalele. Na zaɓi rubutu ne don takarda ba ta jin shessheƙa.

Maganar hoto ce ta sa na rubuto. Na san yayanmu Mai Fenti ya kira ki yana neman hoton 'yata na ranar gama makaranta, wanda kika tafi da shi, kuma na ji kin ce sai kin ji daga bakina. Allah ya saka miki. Hoton nan kaɗai ya rage, domin sauran suna cikin wayarta, wayar kuwa ita muka fara sayarwa da likita ya ce ƙodarta sai wanki. Akwai abin da na ɓoye miki don kada in raba zumunci, yau kam zan faɗa.

Lokacin da layin wankin ƙoda ya yi mana tsawo a asibitin gwamnati, aka ce akwai gurbi a na kuɗi, sai na tafi ofishin yayanmu, tunda an ce ɗan'uwa rabin jiki. Ya karɓe ni da kyau, Yaya, ba zan yi masa ƙarya ba, har ido ya goge. Daga nan ya kira wani mutum mai kwat, ya ce shi ne mai ba shi shawara kan dukiya. Mutumin ya yi mini bayani a hankali kamar yana koya wa yaro karatu. Ya ce yanzu maigida ba ya sadaka barkatai, gidauniya gare shi, kuma tun farkon shekara ake tsara inda kyauta za ta je. Ta bana an riga an ware ta ga fentin makarantu da kofin ƙwallo. Ya ce abin da aka damƙa wa mutum a hannu ba shi da rasit, ba ya rage haraji, ba ya ɗaga sunan kamfani, kamar zuba ruwa ne a rairayi. Wai in yi haƙuri zuwa sabuwar shekara, yarinyar za ta zo a sahun gaba. Na ce masa ƙoda ba ta san sabuwar shekara ba. Ya yi murmushi ya ce ya fahimta. Yayanmu ya ba ni kuɗin mota, ya rako ni har bakin ƙofa.

Ba ta kai sabuwar shekarar ba, kin sani. Abin da ba ki sani ba shi ne, ranar da aka binne ta yayanmu ya turo ma'aikatansa da bokitan fenti, wai manyan abokansa za su zo gaisuwa, kada su tarar da gidan ƙanwarsa a haka. Ina tsakar gida cikin mata, ban ankara ba sai da suka gama da ɗakinta. Akwai wani tabo a bango saitin gadonta, inda take jingina kai idan numfashi ya hana ta kwanciya, man gashinta ya yi shati a wurin. Sun shafe shi. Ƙamshinta da ke ɗakin ma fenti ya cinye. Masu gaisuwa suna ta cewa Allah ya bar zumunci, dubi yadda wa ya gyara wa ƙanwarsa gida, ni kuma ina amsawa da amin.

Yanzu shekara ta juyo, kuma sun cika alkawari, Shalele ce a sahun gaba. Gidauniya ta saya wa asibitin gwamnatin nan sabon injin wankin ƙoda, za a sa masa sunanta. Mai kwat ɗin ya zo har shagona, ya zauna kan kujerar masu jiran ɗinki, ya ce kyautar da ke da fuska ta fi jawo masu kuɗi su ƙara nasu. Suna son hoton a babban allo da kalandar kamfani, gefen tambarin fenti. Ya ce in zo ranar buɗewa da kayan da ba su da ado sosai, in faɗi 'yan kalmomi, idan hawaye ya zo kada in riƙe shi. Har ya ce in duba hikimar Allah, da an taimake ta a bara da mutum ɗaya ya amfana, yanzu kuwa ɗaruruwa ne. Almakashi na hannuna a lokacin, sai na ajiye shi ƙarƙashin yadi. Na ce ba zan bayar ba, wannan ihu ne bayan hari.

Shekaranjiya na je asibitin mayar da ragowar magungunanta. Na leƙa ta taga na ga injin, Yaya. Yana nan a kusurwa cikin ledarsa, ba a ko jona shi ba. Nas ta ce an hana taɓa shi sai an yi bikin buɗewa, bikin kuma yana jiran allo, allo yana jiran hoto. A kan bencin nan da na san kowane ƙusa nasa na tarar da wata mata da muke raba ruwan zafi da ita lokacin jinya, tana riƙe da 'yarta, ƙafafun yarinyar sun kumbura kamar na tawa a watan ƙarshe. Ta kama hannuna ta yi mini gaisuwa, sannan ta tambaye ni a hankali, wai an ce ni ake jira, yaushe za a buɗe. Da yamma yayanmu ya kira ya faɗi haka shi ma, wai yanzu ni ce na riƙe injin, in ji tsoron Allah.

Don haka ki aiko musu hoton. Kada ki yi masa faɗa, Inna ba za ta iya ɗaukar rigimarmu ba. Roƙona ɗaya, ki sa a kawo mini shi tukuna, in gan ta da kumatunta kafin ciwo, in nuna wa Inna, sannan in kai musu da hannuna. Bikin kam ba zan je ba, su nemi mai yi musu kuka. Da ranta ba ta samu injin ba, bari fuskarta ta kunna shi don 'yar wata.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Dogo, da 'Yan Biyu, da Autarki wadda Shalele ta goya. Inna tana gaishe ki, ta ce in gaya miki yarinyar ta daɗe ba ta dawo daga makaranta ba. Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Maman Shalele